Najil da taradi: Yadda manyan kifayen Jidda ke ƙara wuyar samu a Bahar Maliya

A 'yan shekarun nan, da zarar watan Afrilu ya kama, Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Aikin Gona ta Saudiyya takan haramta kamun wasu kifaye biyu a gaɓar Bahar Maliya har zuwa ƙarshen Mayu. Kifayen su ne najil da taradi, waɗanda mutanen Jidda suka ɗauke su a matsayin kifin alfarma, na karrama baƙo da na ranar farin ciki.

Ba a sanya wa abin da yake a wadace irin wannan doka. Haramcin na wata biyu shaida ne cewa tekun da ya ciyar da Jidda tun kafin ta zama mashigar alhazai ya fara nuna gajiya.

Masunta na sana'a ne aka fi nuna wa yatsa idan ana maganar raguwar kifi. Amma akwai wani rukuni da ke ƙaruwa a birnin, wanda kuma kamunsa ba ya bi ta kasuwa balle a auna shi: masu kamun kifi don nishaɗi. Wannan bayani ne kan abin da bincike ya gano game da kifayen yankin, da dalilin da ya sa raguwarsu ke ɓoye wa ido, da abin da ya faru a wasu ƙasashen da suka riga Jidda shiga wannan hali.

Birnin da aka gina da dutsen teku

Jidda ta faro ne a matsayin ƙauyen masunta. A shekara ta 26 bayan Hijira, wajajen 647 Miladiyya, Halifa Usman bin Affan ya mayar da ita tashar jiragen ruwa ta Makka, kuma tun daga lokacin take karɓar maniyyata, ciki har da Hausawan da suka riƙa ratsa Sudan a ƙasa suna tsallako teku daga Suwakin. Zuriyar wasunsu na nan a birnin har gobe.

Tsohon garin da ake kira Al-Balad, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, an gina yawancin gidajensa ne da dutsen murjani da aka haƙo daga gaɓar teku. Larabawa na yi wa birnin kirari da "Amaryar Bahar Maliya". A ƙidayar 2022, mutanensa sun haura miliyan uku da rabi.

Kifi na tsakiyar abincin mutanen Hijaz. Sayadiyya, wato shinkafar da ake dafawa da romon kifi da soyayyar albasa har ta yi duhu, tana cikin abincin da aka san Jidda da shi. A babbar kasuwar kifi da ake kira Bangala, ana fara gwanjo tun da sassafe. Mai saye kan zaɓi kifinsa, ya miƙa wa masu gyarawa, in ya so kuma ya wuce wurin masu suya.

Kifayen da ake magana a kansu

Najil kifi ne ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, mai farin nama da ƙarancin ƙaya. Yana cikin mafi tsada a kasuwar. Taradi ɗan'uwansa ne na kusa, launinsa bai kai na najil ja ba. Dukansu dangin hamur ne, mafarauta da ke laɓewa a kogunan murjani suna jiran ƙananan kifaye.

Bayan su akwai sha'ur, wanda ake yawan soyawa, da harid mai launuka da baki kamar na aku, da sijan, da bayad, da dirak mai gudu a sararin ruwa. Akwai kuma tarabani, ƙaton kifi mai ƙusumbi a goshi da kan kai tsawon mita biyu. Tun 2004 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya tarabani cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, taradi kuwa yana cikin jerin masu rauni.

Duk waɗannan, in ban da irin su dirak, rayuwarsu na rataye ne da murjani. Murjani ba dutse ba ne zalla, ko da yake haka yake bayyana. Wasu 'yan ƙananan halittu ne da ke zaune a tare suna gina wa kansu ƙwarangwal na farar ƙasa, sannu a hankali, har ginin ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa. A cikin waɗannan tuddai kifaye ke fakewa, su ci, su girma.

Teku mai kyau, amma marar yalwa

Wanda ya leƙa ruwan Bahar Maliya ya ga yadda yake garai-garai zai ɗauka cewa arzikinsa ba shi da iyaka. Gaskiyar ita ce tsabtar ruwan alama ce ta ƙarancin abinci a cikinsa.

Tekun ya kai tsawon kilomita kusan 2,250, amma babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinsa. Kogi ne ke kwaso taki daga doron ƙasa ya kai wa teku, takin ya ciyar da ƙananan tsirran ruwa, su kuma su ciyar da kifi. Rashin koguna da tsananin zafi sun sa Bahar Maliya na cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, inda ake samun kusan giram 40 a kowace lita, alhali matsakaicin sauran tekuna kusan giram 35 ne.

Kudancin tekun ya fi albarka, saboda ruwa mai taki da ke shigowa daga Tekun Adan ta mashigar Babul Mandab. Shi ya sa yankin Jazan da tsibiran Farasan suka fi gaɓar Jidda yawan kifi.

Abin da Bahar Maliya ta yi fice a kai shi ne yawan nau'i. Akwai fiye da nau'in kifi 1,000 a cikinta, kuma sama da kashi 10 cikin 100 ba a samun su a ko'ina sai nan. Yawan nau'i daban, yawan abin da za a iya ɗiba kowace shekara ba tare da an taɓa jari ba daban. Teku irin wannan yana jinkirin mayar da abin da aka cire masa.

Su wane ne masu kamun nishaɗi?

Da yamma, musamman a ƙarshen mako, ana ganin masu fatsa a wuraren da aka amince a bakin teku. Akwai 'yan ƙasa, akwai baƙi ma'aikata daga Masar da Sudan da Indiya da Filifin da sauransu. Abin da waɗannan ke samu bai taka kara ya karya ba, yawanci ƙananan kifayen gaɓa ne.

Masu tasiri su ne masu fita da jirgi. Daga mashigin ruwa na Obhur da ke arewacin birnin, da garin Suwal da ke gaba, da Al-Lis a kudu, jiragen shaƙatawa kan ɗauki abokai ko iyali zuwa tuddan murjani masu nisa, bayan samun izini daga dakarun tsaron iyaka da ke sa ido kan shiga da fita a teku. Wasu kan saki zare da ƙugiya daga hannu kamar yadda aka gada. Wasu kan ja ƙugiya a bayan jirgi yana tafiya. Wasu kuma kan jefa ƙarfe mai ƙyalli zuwa ƙasan ruwa suna fizga, don ya yi kama da ƙaramin kifi mai rauni.

Kayan aiki sun sauya lamarin baki ɗaya. A da, sanin inda najil yake ilimi ne da masunci ke kwashe shekaru yana tarawa, yana auna wuri da tsauni ko tauraro, kuma ba ya gaya wa kowa sai ɗansa. Yanzu na'urar GPS na riƙe wurin, na'urar gano kifi na nuna abin da ke ƙasa a kan allo, injin mai ƙarfi kuma na kai mutum inda a da sai an kwana a hanya. Lambobin wuri guda na iya yaɗuwa a WhatsApp cikin dare ɗaya.

Mutum ɗaya da sanda ɗaya ba zai ƙarar da teku ba. Sai dai masu nishaɗi ba kowane kifi suke nema ba. Babba suke so, na ɗaukar hoto, kuma daga cikin nau'o'in da dama can su ne suka fi shan matsi. Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2004 ya gano cewa a Amurka masu nishaɗi na kama kusan kashi 4 cikin 100 ne kawai na dukkan kifin teku da ake fitarwa. Amma da aka ware nau'o'in da ke cikin damuwa, sai kasonsu ya tashi zuwa 23, a Tekun Meziko ma ya kai 64.

Abin da bincike ya gano

Yawancin abin da aka sani kan kifayen wannan gaɓa ya fito ne daga Tsangayar Kimiyyar Teku ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, KAUST, da aka buɗe a Suwal a 2009.

A 2017 masu bincike na KAUST, ciki har da Farfesa Michael Berumen, sun wallafa sakamakon kwatanta tuddan murjanin Saudiyya da na Sudan. Gaɓoɓin biyu suna fuskantar juna, teku ɗaya ne, yanayi kusan ɗaya. Sun tarar cewa nauyin manyan mafarautan kifi, irin su shak da hamur da bayad, ya kusa ninka na ɓangaren Saudiyya sau uku a tuddan Sudan masu nisa da gaɓa. Babban bambancin da suka danganta lamarin da shi shi ne yawan su: ɓangaren Sudan ba shi da jirage da kasuwa irin na Saudiyya.

Kafin nan, a 2015, Julia Spaet da Berumen sun fitar da sakamakon shekara biyu da aka yi ana ziyartar kasuwar kifin Jidda ana auna shak ɗin da ake kawowa. Duk da cewa an haramta kamun shak a ƙasar tun 2008, an ci gaba da kawo shi, kuma akasarin waɗanda aka auna ba su kai shekarun haihuwa ba. Wani nazarin tattalin arziki da aka wallafa a 2012 shi ma ya nuna cewa tun farkon shekarun 1990 ake ɗibar kifin wannan gaɓa fiye da ƙima.

Wannan ba matsalar Saudiyya kaɗai ba ce. Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce kashi 37.7 cikin 100 na rukunan kifin teku da ake bibiya ana kama su fiye da yadda za su iya farfaɗowa. A 1974 kashi 10 ne.

Dalilin da ya sa ido ba ya gani

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A sha'anin kifi, ido na yawan ruɗuwa, kuma dalilai uku ne.

Na farko, yadda najil da taradi ke hayayyafa. A sauran watanni a warwatse suke, kowane da koginsa. Idan lokacin zuba ƙwai ya yi, sai su baro wurarensu su taru da yawa a wasu sanannun wurare, kusan lokaci guda kowace shekara. Wanda ya san wurin zai cika jirginsa ko da kifin da ya rage a yankin rabin na bara ne, domin ragowar duk suna gabansa. Kamu zai ci gaba da kyau har zuwa shekarar da taron zai watse gaba ɗaya. Irin wannan ruɗu ya taimaka wajen durƙushewar kifin kod a gabashin Kanada, dangin wanda ake busarwa a Norwe a kawo kasuwannin Najeriya. A 1992 gwamnatin Kanada ta rufe kamunsa, mutum kusan 30,000 suka rasa aiki.

Na biyu, kasuwa. Tebur cike da kifi a Bangala ba ya nufin tekun Jidda cike yake. Motoci masu sanyi na kawo kifi daga Jazan da Ƙunfuza, wani kuma daga ƙasashen waje, domin Saudiyya na shigo da kaso mai yawa na kifin da take ci. Mai saye yana ganin kifi, ba ya ganin nisan da aka yi kafin a samo shi. Farashi ne kawai ke ba shi labari.

Na uku, mantuwa tsakanin zuriya da zuriya. Masanin kifi Daniel Pauly ya yi bayanin wannan a 1995: kowane ƙarni na ɗaukar abin da ya tarar a ƙuruciyarsa a matsayin yadda teku yake tun asali. Kifin da kaka zai raina, jika na ɗaukar hoto da shi. Da haka ake rasa abu mai yawa ba tare da wani ya ji an yi rashi ba.

Amfanin babbar uwa

Kama manya na da illa fiye da yadda nauyinsu ke nunawa. Wani bincike da Science ta wallafa a 2018 ya nuna cewa a yawancin kifayen teku, yawan ƙwai na ƙaruwa fiye da yadda nauyin uwa ke ƙaruwa. Misalin da masu binciken suka bayar shi ne uwar kod ɗaya mai kilo 30 ta fi uwaye 28 masu kilo bibbiyu yawan ƙwai, ko da yake nauyinsu a haɗe ya kusa ninka nata.

Dangin hamur na da ƙarin matsala. Da yawa daga cikinsu kan fara rayuwa a matsayin mata, sai sun girma wasunsu su rikiɗe su zama maza. Idan ana tsince manya, maza ne ke fara ƙaranci, kuma ƙwan da bai samu namiji ba asara ne.

Harid kuma aikinsa daban ne. Shi ne mai sharar murjani: yana kankare gansakukar da ke rufe shi, ya buɗe wa sabon murjani wurin kamawa. Inda harid ya yi ƙaranci, gansakuka kan samu sarari, gidan sauran kifaye ya lalace.

Ba ƙugiya kaɗai ba

Zai zama rashin adalci a ɗora komai kan masunta. Faɗaɗar Jidda ta zo da cike gaɓa don gina hanyoyi da wuraren shaƙatawa, a wuraren da a da ƙananan kifaye ke girma. An daɗe ana kokawa kan gurɓataccen ruwan da ke shiga tafkunan tsakiyar birni irin su Arba'in. Masana'antun tace ruwan teku, waɗanda birnin ya dogara da su wajen ruwan sha, suna mayar da ruwa mai ɗumi da gishiri mai yawa.

Sai kuma ɗumamar yanayi. Bincike ya nuna cewa Bahar Maliya na ɗumama da sauri fiye da matsakaicin tekunan duniya. Idan zafi ya yi yawa, murjani kan fitar da ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ba shi abinci da launi, sai ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. An ga haka a kusa da Suwal a 2010, an kuma ga mai muni a kudu, wajajen Al-Lis, a 2015. A Afrilun 2024 hukumar kula da tekuna ta Amurka ta tabbatar da cewa duniya ta shiga zagaye na huɗu na irin wannan annoba.

Sai dai a cikin duk waɗannan, kamun kifi ne abin da hukuma da jama'a za su iya sauyawa a cikin shekara guda.

Darasi daga kogunan salmon

Babu kifin salmon a Bahar Maliya, sai wanda ake shigowa da shi manyan kantuna. Amma babu inda aka fi nazarin dangantakar masu kamun nishaɗi da kifi mai raguwa kamar kogunansa a arewacin Turai da Amurka.

Ana ƙyanƙyashe salmon a cikin tsakuwar kogi, ya tafi teku ya girma, sannan ya komo kogin da aka haife shi don ya hayayyafa. A kan hanyar komowar masu fatsa ke jiransa. A Disambar 2023 IUCN ta ce yawan salmon na Tekun Atilantika ya ragu da kashi 23 cikin 100 tsakanin 2006 da 2020. Dalilan sun haɗa da ɗumamar ruwa, da madatsun da ke tare masa hanya, da ƙwarƙwatar ruwa da ke yaɗuwa daga gonakin kiwon kifi.

A Sikotland, abin da masu fatsa suka kama a 2023 bai kai 33,000 ba, adadi mafi ƙanƙanta a lokacin tun da aka fara ajiye lissafi a 1952, duk da cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da suke kamawa suna mayar da shi ruwa da ransa. A Yunin 2024 Norwe ta rufe koguna 33 ana tsakiyar kaka, ciki har da Gaula da Orkla da ke jawo baƙi daga ƙasashe da dama. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta rufe kamun salmon a tekunta a 2023 da 2024.

Abin lura a nan shi ne yadda aka san lokacin rufewa. Kogi ƙofa ɗaya gare shi, ana iya ƙirga kifin da ke wucewa, kuma doka ta wajabta kai rahoton abin da aka kama. Lissafin shekara 70 ne ya bai wa Sikotland damar cewa bana ta fi kowace shekara muni. Tuddan murjani ba su da ƙofa. In ba a ƙirga abin da jiragen shaƙatawa ke dawowa da shi a bakin tasha ba, babu wata hanyar saninsa.

Akwai kuma abin da ba za a kwafo kai tsaye ba, wato kama-ka-saki. Salmon a ruwa marar zurfi ake kama shi. Najil kuwa daga ƙasa ake jawo shi, kuma yana da jakar iska a cikinsa. Kifin da aka fizgo daga zurfin mita 30, iskar jakarsa na iya kumbura har ninki huɗu, ta turo tumbinsa waje ta baki, idanunsa su firfito. Ko an sake shi ba ya iya nutsewa, sai ya yi ta yawo a sama har tsuntsu ko shak ya ɗauke shi. Maganin shi ne wani ɗan ƙarfe mai nauyi da ke riƙe kifin ya mayar da shi zurfi kafin ya sake shi. A 2022 dokar Amurka ta wajabta wa masu kamun irin waɗannan kifaye a Tekun Meziko su riƙe wannan na'ura ko allurar fitar da iska a jirginsu.

Inda kifi ya dawo

Misalin da ya fi kusa da najil yana tsibiran Kayman ne a yankin Karebiyan. A can wani ɗan'uwan hamur da ake kira Nasso shi ma yana taruwa wuri guda don zuba ƙwai. A 2001 da 2002 masunta sun kwashe dubbai daga wani babban taro a ƙaramin tsibirin Kayman. A 2003 gwamnati ta rufe wuraren taron a lokacin hayayyafa, aka kuma riƙa ƙirga kifin kowace shekara. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa yawansa a wannan tsibiri ya ninka fiye da sau uku cikin shekara 15.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Argungu da ke jihar Kebbi, ɓangaren kogin Matan Fada da ake gasar kamun kifi a rufe yake a sauran watanni, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa. Bikin, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga jerin al'adun UNESCO a 2016. Da aka dawo da shi a 2020 bayan hutun kusan shekara goma, kifin da ya ci gasa kilo 78 ne. Giwan ruwa ba ya kai wannan girma a ruwan da ake jefa wa koma kullum. Duk da haka, madatsun Bakolori da Goronyo sun rage ambaliyar da kifi ke bi ya hayayyafa a fadamun Sakkwato da Rima, abin da ke nuna cewa rufe wuri guda ba ya wadatarwa idan sauran ruwan ya sauya.

Saudiyya ma na da nata kwatankwacin Argungu. Kowace shekara wajajen Afrilu, harid kan taru a wani gaci marar zurfi a tsibirin Farasan, jama'a su auka ruwa a guje su kama da hannu da ƙananan raga. Ƙasar Larabawa kuma ta san tsarin hima tun kafin zamani, wato keɓe makiyaya a hana taɓa ta sai da ƙa'ida, kamar wadda Halifa Umar ya keɓe a Rabaza.

Matakan da ake ɗauka

Jidda ce mazaunin PERSGA, ƙungiyar ƙasashen yankin da ke kula da muhallin Bahar Maliya da Tekun Adan, wadda ta samo tushe daga Yarjejeniyar Jidda ta 1982. A 2021 Saudiyya ta kafa Hukumar Bahar Maliya don tsara harkokin shaƙatawa a teku, da wata hukumar da ake kira SHAMS don kare murjani da kunkurun ruwa. Ƙasar ta kuma yi alƙawarin killace kashi 30 cikin 100 na ƙasa da tekunta nan da 2030.

Ta ɓangaren samar da abinci, gwamnati ta sa burin kai kiwon kifi tan 600,000 a shekara ƙarƙashin shirin 2030, kuma ɗaya daga manyan gonakin jatanlande da kifi na yankin yana Al-Lis. Kiwo na iya rage dogaro da teku wajen cika tukunya, amma ba zai hana mai neman najil na asali fita nemansa ba.

A lokaci guda, tun da aka buɗe bizar yawon buɗe ido a Satumbar 2019, ana ta gina tashoshin jiragen shaƙatawa da otal-otal a gaɓar. Masu zuwa nutso don kallon kifi da masu zuwa kama shi, kifi ɗaya suke nema. Bambancin shi ne babban najil mai rai ana iya kallonsa shekara da shekaru, wanda aka kama kuwa cin dare ɗaya ne.

Matakan da suka yi aiki a wasu wurare sanannu ne: rufe wuraren taron hayayyafa da sa musu ido, ƙayyade yawan kifin da kowane jirgi zai dawo da shi, hana ɗaukar wanda bai balaga ba da kuma mafi girma, da wajabta rahoton kamu ga masu nishaɗi kamar yadda ake yi wa masu sana'a. Mai saye ma na da rawar takawa. Wanda ya ƙi sayen najil da taradi a Afrilu da Mayu ya rage wa mai karya doka riba.

Haramcin wata biyu na kare kifin ne a lokacin da ya fi rauni. Ko hakan ya wadatar ko bai wadatar ba, ƙidaya ce kaɗai za ta nuna, kuma dole ta haɗa da abin da ke sauka daga jiragen Obhur da yammacin Juma'a, ba abin da aka yi gwanjonsa a Bangala kaɗai ba.